Makarantar Daji: Masu Bincike, Jagorori da Baƙin Sahara a Arewacin Adar

A jami'o'in Kanada da Birtaniya da Norwe akwai malaman da suka kafa dukan rayuwarsu ta aiki a kan fannoni biyu masu kusanci da juna. Na farko shi ne ilimin fili, wato koyar da matasa ta hanyar fitar da su daga aji zuwa tsauni da kogi da kurmi, domin su koyi juriya da lura da riƙon amanar abokin tafiya, kuma ana yawan danganta tsarinsa na zamani da makarantar Outward Bound wadda Kurt Hahn ya buɗe a gaɓar tekun Wales a 1941. Na biyu shi ne nazarin yawon buɗe ido a ƙasashen ƙanƙara da ke ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, inda ake bin diddigin abin da baƙi ke yi wa ƙasa mai rauni da abin da ita ƙasar ke koya musu. Ƙasar Hausa ba ta da ƙanƙara, amma tana da bakin Sahara, kuma a arewacin Adar, daga garin Tawa zuwa Abalak da Cin Tabaraden da kwarin Azawak, an shafe fiye da ƙarni guda ana gina sunayen masana a kan ilimin da aka samo a sararin Allah, daga bakin makiyaya da mahaƙa rijiyoyi da jagororin ayari, waɗanda galibinsu ba su bar suna a bangon wani littafi ba.

Adar ƙasa ce ta tuddai masu baƙin dutse a kai, waɗanda kwaruruka irin na Keita da Badagishiri da Majiya suka tsattsage, kuma a cikin waɗannan kwaruruka ne noman gero da dawa da albasa ya zauna. Da an wuce Tawa zuwa arewa sai duwatsun su fara ƙarewa, jigayi da fako su karɓi wuri, ruwan sama ya ragu har noma ya zama caca, kiwo ya zama abin dogaro. Yaron da ya tashi a wannan yanki, Ba'adare ne ko Ba'abzine ko Bafillace, yana shiga wata makaranta tun kafin a miƙa masa allo. Yana koyon bambanta sawun raƙumin gidansu da na baƙo, yana sanin ciyawar da ke ƙosar da dabba da wadda ke kumbura mata ciki, yana gane lokacin da karangiya ta nuna har ta hana tafiya, yana sanin cewa 'ya'yan anza ba su ciwuwa sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa don ɗacin ya fita, kuma wannan sanin shi ne ya raya gidaje da yawa a shekarun yunwa. Yana lura da ɓacewar Kaza da 'ya'yanta daga sama da sake fitowarta domin ƙididdige kusantowar damina. Wannan ilimi yana da malamai da matakai da jarrabawa, sai dai jarrabawarsa ita ce ranar da aka sallami saurayi shi kaɗai da garke zuwa rijiya mai nisan yini biyu.

Turawa sun zo Adar a makare. Heinrich Barth ya kwana a Agadas a 1850, ya isa Sakkwato a 1853, amma hanyarsa ba ta ratsa Adar ba. Abin da ya jawo Faransawa Tawa shi ne yarjejeniyar da suka ƙulla da Ingilishi a 1898, wadda ta zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila duk abin da ke cikinsa. Saboda haka sojan Faransa da ke son zuwa Damagaram daga bakin Kwara ba shi da damar bin hanyar kudu mai ruwa da garuruwa, dole ya kewaya ta Filinge da Tawa, cikin ƙasar da rijiyoyinta ke da zurfi da nisa tsakani. Tun daga 1900 zuwa 1901 Tawa ta zama zango a wannan hanya, kuma babu ayarin soja da ya iya ratsa ta ba tare da ɗan ƙasa a gaba ba. An gyara iyakar a 1904 da 1906, sannan tawagar Kyaftin Tilho ta bi ta tana aunawa daga 1906 zuwa 1909, tana tattara labaran sarautu da sunayen wurare. Daga nan rubutu ya zauna a hannun jami'an mulki, irin su Yves Urvoy wanda ya fitar da tarihin al'ummun Nijar a 1936, da Francis Nicolas wanda ya rubuta a kan Abzinawan Kel Dinnik na Azawak a 1950. Ayyukansu suna da amfani har yau, amma mai karatu ya kamata ya tuna cewa wanda ya yi tambayar shi ne kuma mai karɓar haraji da jangali, kuma makiyayi ba ya faɗa wa mai ƙidayar dabbobi dukan gaskiya.

Sana'ar bincike ta gaskiya, wadda mai yin ta ba ya riƙe da bulala, ta soma ne bayan yaƙin duniya na biyu. Marguerite Dupire ta zauna da Woɗaaɓe, Fulanin daji masu jajayen shanu masu dogayen ƙaho, a farkon shekarun 1950, kuma littafinta na 1962 ya zama tushen da kowane mai nazarin makiyayan Nijar ke komawa gare shi. Amma wanda rayuwarsa ta fi nuna yadda ake gina aikin jami'a a kan zaman daji shi ne Edmond Bernus, masanin labarin ƙasa, wanda aka haifa a 1929 ya rasu a 2004. Ya fara aiki a Gini da Kodebuwa, sannan a shekarun 1960 ya juya ga Abzinawan Nijar a ƙarƙashin hukumar binciken Faransa ta ORSTOM, ya zaɓi wata ƙaramar ƙabila mai suna Illabakan da ke kiwo a kewayen In Wagar, a tsakanin Abalak da Ingal. Hanyar aikinsa ita ce bin su a kan raƙumi, sauka inda suka sauka, da zana taswirar kowane zango da kowace rijiya da kowane tabki da suka sha a tsawon shekara. Ya bi su tafiyar damina zuwa filayen Ingal da Tegidda, inda ƙasa da ruwa ke da gishiri, dabbobi su lasa su sha su murmure, dangi su haɗu, a ɗaura aure a sasanta rigingimu. Littafinsa kan Illabakan ya fito a 1974, babban aikinsa kan Abzinawan Nijar baki ɗaya kuma a 1981.

Abin da ya ba aikin Bernus daraja shi ne ya ɗauki ilimin makiyayi a matsayin ilimi. Ya tattara sunayen ciyayi da itatuwa da Tamashek, ya rubuta yadda ake rarrabe iskoki da nau'o'in ƙasa da launukan raƙuma, ya nuna cewa ƙaurar makiyayi lissafi ce mai tsari ba gararamba ba. Wannan ya zo a daidai lokacin da sabuwar gwamnatin Nijar ke sake fasalin arewa, domin dokar watan Mayu na 1961 ta shata iyakar da noma ba zai ƙetare ta ba zuwa arewa, aka kuma haƙa rijiyoyin burtsatse masu injin a wurare kamar Abalak da Cin Tabaraden da In Wagar. A da, rijiya tana da mai ita, wanda ya haƙa ta ko ya gāje ta, kuma shi ke ƙayyade wanda zai shayar da tsawon zamansa, ta haka ciyawar kewaye take samun hutu. Da ruwan famfo ya zama na kowa, sai garkuna suka taru daga ko'ina suka cinye kewayen tashoshin har ya zama fili fetal. Bernus ya rubuta wannan, kuma daga bakin masu rijiyoyin ya ji shi.

Shekarar 1975 ta cancanci a tsaya a kanta, domin a cikinta ne ayyuka uku suka fito waɗanda suka sauya yadda ake karanta tarihin yankin. Nicole Echard, wadda ta daɗe tana yawo a ƙauyukan Adar tana zama da manoma da maƙera da 'yan bori, ta fitar da tarihin manoman Adar kamar yadda su da kansu suke riƙe da shi, wato labarin zuwan kowane dangi, da wanda ya fara saran daji, da yadda Azna masu ƙasa suka raba iko da masu sarauta da suka zo daga baya. A shekarar kuma Djibo Hamani, ɗan ƙasar, ya fitar da tarihin Adar kafin zuwan Turawa, inda ya haɗa labaran baka da rubuce-rubucen Larabci na Agadas da Sakkwato, ya bi diddigin yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya karya ikon Kabi a kan Adar a 1674, ya dawo ya zauna a ƙasar bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas wajen 1721, da yadda Abzinawan Lisawan da Kel Geres da Kel Dinnik suka yi ta jan ƙasar a tsakaninsu har zuwa jihadin Muhammadu al-Jilani a farkon ƙarni na 19. Aiki na uku shi ne tarihin Kel Dinnik wanda Ghoubeïd Alojaly ya rubuta da Tamashek tare da fassarar Faransanci, aka buga shi a Kopenhagen da taimakon masanin harshe Karl Prasse. Muhimmancin biyun na ƙarshe ya wuce abin da ke cikin shafukansu, domin a nan ne ɗan ƙasa ya tashi daga matsayin tafinta da jagora ya zama mai sa hannu a kan aikinsa. Biyu daga cikin ukun sun fito ne a jerin littattafan cibiyar binciken Yamai, wadda ta faro a matsayin reshen hukumar binciken Faransa ta IFAN a zamanin mulkin mallaka ta koma IRSH a ƙarƙashin jami'a.

Masu nazarin duwatsu ma sun bi sawun makiyaya. Kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce wani teku ya ratsa wannan yanki daga arewa zuwa kudu, kuma farin dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ke fasawa ragowarsa ne. An tono ƙasusuwan kadoji da kifaye da manyan dabbobin da suka shuɗe a In Beceten da ke gabas da Tawa, aka kuma raɗa wa wani ƙaton ƙadangaren teku suna Igdamanosaurus a 1991 saboda dutsen Igdaman na wajen Kao. Can arewa da Tasara, masu tonon tarihi sun yi aiki a kufan In Teduk, tsohon garin malamai a cikin Azawak, aka buga sakamakon a 1999. A irin waɗannan wurare, mai kiwo ya riga kowa sanin inda ƙashi ko kasko ke leƙowa daga ƙasa.

Makarantar boko kuwa ta sha wahalar shiga daji. Faransawa sun gwada makarantun makiyaya a shekarun 1940, inda malami da tantinsa ke bin sansanin sarki, amma manya da yawa sun ɓoye 'ya'yansu sun miƙa 'ya'yan bayi da barori a madadinsu, abin da daga baya ya juya ya ba wa waɗancan yaran aikin gwamnati. Matsalar ba ƙin ilimi ba ce kawai, domin yaron da ya shekara shida a aji ya rasa shekarun da ake koyon kiwo, ya dawo bai zama ma'aikaci ba bai kuma iya garke ba. Farin 1973 da na 1984 sun karya garkuna, suka cika Tawa da Abalak da waɗanda suka rasa dabbobinsu, suka kuma buɗe ƙofa ga wani sabon nau'in mai bincike, wato ƙwararren da ke aiki wa shirin raya ƙasa. Wani shiri na kiwo da Amurka ta ɗauki nauyinsa ya yi aiki a yankin har rahotonsa ya fito a 1984 a ƙarƙashin Jeremy Swift, a shekarar da babban shirin Keita na Italiya da hukumar FAO ya kankama, inda mata suka ɗauki mafi yawan aikin jera duwatsu da dashen itatuwa a kan ladan abinci, saboda maza sun tafi cirani. Mai bincike Benedetta Rossi ta nuna a littafinta na 2015 cewa ba a fahimtar wannan aiki sai an koma ga tarihin bauta da aikin tilas a Adar.

Yawon buɗe ido ya biyo bayan littattafai da hotuna. Fim ɗin da Henry Brandt, ɗan Suwizalan, ya ɗauka a kan Woɗaaɓe a shekarun 1950, da littafin hotunan Carol Beckwith na 1983, da fim ɗin Werner Herzog na 1989, sun sa fuskar samarin bikin gerewol na Woɗaaɓe, masu kwalliya da jan ƙasa da farin haƙori, ta zama sananniya a Turai fiye da sunan Nijar kanta. Titin kwalta da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Agadas da Arlit domin jigilar yuraniyom, wanda aka kammala a farkon shekarun 1980, ya mayar da Tawa mashigar arewa. Matasan Turai sukan tuƙo tsofaffin motocin Peugeot daga Aljeriya ta Tamanrasset da Asamaka, su sayar da su a hanya su koma gida da jirgi, gasar motoci ta Paris zuwa Dakar wadda ta soma a ƙarshen 1978 ta riƙa ratsa Nijar, wani Ba'abzine mai suna Mano Dayak kuma ya kafa kamfanin yawon buɗe ido a Agadas ya mayar da sanin hanya sana'ar da ake biya. Amma rabon Adar a wannan ciniki ƙarami ne. Baƙo yakan sha mai a Tawa, wataƙila ya kwana, ya tsaya kallon tsuntsaye a tabkin Tabalak, ya sayi takalmi ko jakar fata, sannan ya wuce Abzin da Tenere, waɗanda UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1991. Da jiragen haya suka fara sauka Agadas kai tsaye daga Faransa, ko wannan ɗan tsayawar ma ta ragu, sai dai a ƙarshen damina, lokacin tarukan makiyaya a kewayen Abalak da Ingal.

A nan ne kwatanci da ƙasar ƙanƙara ke da amfani. Antatika, nahiyar da ke ƙuryar kudu, ƙasashe 12 ne suka sa hannu a yarjejeniyar 1959 da ta keɓe ta don zaman lafiya da bincike. Lars-Eric Lindblad ya kai 'yan yawon buɗe ido can a 1966, kamfanonin da ke wannan harka suka kafa ƙungiyarsu ta IAATO a 1991, kuma ƙa'idarsu ita ce kada fiye da mutum 100 su sauka wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kowane mutum 20 da jagora guda, jirgin da ya ɗauko fiye da fasinja 500 kuma ba ya sauke kowa. Baƙin sun haura 100,000 a kakar 2022 zuwa 2023, kuma a gefen wannan ciniki wani fannin ilimi ya girma, da kujerun farfesa da mujallu da ɗaliban digiri, waɗanda ke auna sawun baƙo a kan sheƙar tsuntsu da abin da ya rage a zuciyarsa bayan ya koma gida. Sai dai Antatika ba ta da 'yan ƙasa. Azawak ta fi kama da ƙuryar arewa, ƙasar mutanen Inuit da Sami, inda tambayar ba ta tsaya ga kare ƙasa ba, ta kai ga wanda ke da ikon nuna al'ada, da wanda kuɗin hoto ke shiga aljihunsa, da abin da ke faruwa ga biki idan aka fara tsara ranarsa don dacewa da jirgin baƙi. Waɗannan tambayoyi sun taso a Abalak da Ingal kamar yadda suka taso a arewacin Kanada, kuma ƙungiyoyin Woɗaaɓe sun fara shirya tarukansu da kansu domin amfanin ya tsaya a hannunsu, amma cinikin ya rushe kafin jami'o'in ƙasar su samu sararin mayar da shi fannin nazari mai tushe.

Rushewar ta zo daki-daki. Kisan da aka yi a Cin Tabaraden a watan Mayu na 1990 ya buɗe tawayen Abzinawa na farko, wanda yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta rufe, kuma a ƙarshen wannan shekara Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama. Baƙi sun dawo na ɗan lokaci, amma a 2000 masu gasar Dakar suka ɗauke motocinsu ta jirgi daga Yamai zuwa Libiya saboda barazana, tawaye na biyu ya ɓarke daga 2007 zuwa 2009, aka sace ma'aikata a Arlit a 2010, aka kuma ɗauke wani ma'aikacin agaji ɗan Amurka daga gidansa a Abalak a watan Oktoba na 2016. An sa dokar ta-ɓaci a Tasara da Tiliya a 2017, sannan a ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137, bisa ƙidayar gwamnati, a zangunan makiyaya na yankin Tiliya. Asarar rayukan ita ce babba, kuma babu abin da za a ɗora a kanta a ma'auni ɗaya. Amma a bayanta akwai wata asarar da ba a cika ƙirgawa ba, domin tafiyar da Bernus ya yi a kan raƙumi wata da watanni ba tare da rakiya ba, yau ta gagari baƙo, ta kuma yi wa ɗan ƙasa wuya.

Abin takaicin shi ne ƙofar dajin ta rufe a daidai lokacin da Tawa ta samu jami'arta, wadda aka kafa a 2010 kuma a yau take ɗauke da sunan Djibo Hamani. A karo na farko akwai ɗalibai masu yawa da suka tashi da Hausar Adar da Tamashek da Fulfulde a bakinsu, waɗanda ba su buƙatar tafinta, kuma tsoffin da za su yi wa tambaya kakanninsu ne. Mafi yawan abin da aka rubuta kan ƙasarsu yana cikin Faransanci da Ingilishi, a ɗakunan karatu na Yamai da Paris, ko da yake hukumar IRD, magajiyar ORSTOM, ta ɗora da yawa daga ayyukan Bernus a intanet kyauta. Jagororin da suka yi aiki da masu bincike da baƙi a shekarun 1970 da 1980 sun tsufa, wasunsu suna zaune a unguwannin Tawa da Abalak tun bayan farin 1984, kuma zuwa wurinsu da na'urar ɗaukar magana ba ya buƙatar izinin soja ko motar rakiya. Sunayen rijiyoyi da masu su, da hanyoyin da aka bi zuwa gishirin Tegidda, da farashin da aka biya jagora a yini, da abin da masu zango suka ɗauka game da baƙin da suka zo kallonsu, duk suna cikin kawunan waɗannan mutane, kuma wannan ɓangare na tarihin bincike da na yawon buɗe ido a arewacin Adar shi ne wanda ɗaliban Tawa suka fi kowa damar rubutawa.